Ɗana, Kafin Ka Ɗaura wa Tsohuwar Mota Fankar Lantarki

Da kai nake, kai da ka gaji tsohuwar mota a gida, ko ka yi shekaru kana tari har ka sayi wadda wani ya gaji da ita. Da kai nake kuma, bakaniken da ake turo wa irin waɗannan motoci a Magariya da Dungas. Duk shekara, da hunturu ya juya baya rana ta fara cizo, magana ɗaya ce ke yawo a gareji: mota na zafi, a cire mata fankar fambel a ɗaura ta lantarki. Ban ce kada ka yi ba. Fankar lantarki aba ce mai kyau a inda ta dace. Abin da nake jiye maka shi ne ka zuba kuɗin guminka a kan abin da ba shi ne maganin ciwon ba, daga baya ka ƙone injin da ya girme ka.

Ka san darajar abin da ke hannunka. Kwalta ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bande, ta shigo Magariya, ta wuce Tinkim a bakin iyakar da ke kallon Babura. Amma da ka saki babbar hanya ka nufi ƙauyukan Waca ko Yekuwa, ko na Guci da Malawa da Dogo-Dogo a gundumar Dungas da aka yanka daga Magariya a 2011, sai burji da gargada da rairayi. Sabuwar mota mai kwamfuta a ciki ba ta cika leƙa can ba. Tsofaffin nan ne ke shiga: Mercedes mai gajeren hanci irin 911, wadda aka fara ƙera danginta a Jamus a 1959, akori-kurar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, sai Land Cruiser da Hilux na da. Su ke fito da gero da wake da gyaɗa da riɗi, su ke ɗauko raken fadamun Korama, su ke kai dabbobi Maigatari ran Alhamis. Ranar da ɗaya ta kwanta a daji, ba mai ita kaɗai ya yi asara ba, har da manomin da ya sa ran sayar da buhu biyu ya sayi wa iyalinsa magani.

Fara da sanin inda zafin ke fitowa. A ƙiyasin masu sana'a, ƙarfin man da inji ke ƙonawa gida uku yake rabuwa: kusan kashi ɗaya ne ke juya ƙafafun mota, kashi ɗaya ya fita ta salansa, kashi ɗaya ya shiga ruwa. Na ukun nan shi ne nauyin da ke kan lagireto. Shi kuwa lagireto ba ya sanyaya komai da kansa. Iskar da ke ratsa saƙarsa ce ke kwashe zafin, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska, gwargwadon abin da za ta iya kwasa. Ɗauki ruwa mai digiri 90. A ƙasar da iska take digiri 20, tazarar 70 ce. A nan, cikin Afrilu da Mayu, da rana tsaka iska kan haura digiri 40. In ta kai 43, tazarar ta koma 47. Lagireton nan dai, fankar nan dai, amma sulusin ƙarfinsu ya tafi tun ba ka tayar da mota ba. Shi ya sa ɗan sakacin da mota za ta yafe maka a Janairu ba ta yafe shi a bazara.

Saboda haka kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi motar, za ta gaya maka. Yaushe allurar zafi ke hawa? In tana hawa ne lokacin da mota ke tsaye a tasha inji na aiki, ko ana rarrafe cikin kasuwa, amma da an hau kwalta an miƙe sai ta sauko, to iska ce ta yi kaɗan, kuma maganar fanka ta taso. In kuwa a tsaye lafiya lau take, sai ana gudu ne take tafasa, daina zargin fanka. Da mota ta wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da take karo da ita ke yin aikin, fanka ƴar rakiya ce. Nan ciwon yana ɓangaren ruwa: ko bututun saƙa sun toshe da tsatsa da daskararren dattin ruwan rijiya, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana matsewa, ko fambel na santsi. Duba marfin lagireto ma. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma lafiyayyen marfi mai riƙe matsin bar ɗaya yana kai shi wajen 120 kafin ya tafasa. Marfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya zubar maka da digiri 20 a banza. In kuma ka ga kumfa na ta tasowa a bakin lagireto inji na aiki, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, ka zargi gaskit ɗin kan inji. Fanka goma ba sa gyara wannan.

Yanzu ga lissafin da ba a cika yi ba a wurin ciniki. Fankar lantarki mai bolt 12 da ke jan amfiya 20, wat 240 ke nan. Ƙarfin doki ɗaya kuwa ya haura wat 700. Ashe duk rurin da kake ji tana yi, sulusin doki ne. Fankar ƙarfe da fambel ke ja a gaban injin babbar mota, idan aka taka totur, dawaki da dama take ci, kuma da iska take biyan su. Tuna inda motarka ta fi shan wuya: ta yi lodi, ta shiga rairayi, tana giya ɗaya ko biyu. Inji na iya ƙoƙarinsa, zafi ya kai maƙura, tafiya kuwa ba ta fi ta keke ba, babu iskar gaba ko kaɗan. A nan fankar fambel ce gwana, domin gwargwadon yadda inji ke juyawa haka take juyawa. Ta lantarki gudunta ɗaya ne, ba ruwanta da halin da inji ke ciki.

Don haka a kan babbar mota irin 911, mai inji OM352 na silinda 6 da ya kusa lita 6, nasihata ita ce kada ka raba ta da fankar da ta zo da ita daga kamfani. In fiffike ya tsage ko ya lanƙwashe, canja fankar, kada ka yi mata walda, don fiffiken da ya ɓalle a guje saƙa yake fara sara. In kana son ƙari saboda tsayuwar tasha da dogon layin kan iyaka, sa ta lantarki a gaba ta zama mataimakiya. Ƙaramar akori-kura mai silinda 4 ita ce fankar lantarki ta gari za ta iya riƙewa ita kaɗai, ta rage maka ƙara, ta ba ka iska cikakkiya ko mota na tsaye. Wannan ma in ba ka mayar da akori-kurar gingimari ba, kuma in ka cika sharuɗɗan da ke tafe.

Sharaɗin da ya fi sauran duka shi ne gidan fanka, wato kwanon nan ko robar da ke rufe bayan lagireto gaba ɗaya, ya bar kafa ɗaya zagayayya inda fanka ke zama. Ba abin da aka raina a mota kamarsa. Sau da yawa za a cire shi don a samu wurin sa hannu a fambel, a jingine shi a bango, mota ta tafi, shi ke nan an rabu. Je ka maƙera ka kalli zugazugi. Ba ƙarfin damtsen mai zuga kaɗai ke sa ƙarfe ya yi ja ba. Iskar ce aka tattara aka bi da ita ta baki ɗaya har cikin gawayi. Fatar ta huje, sai a wuni ana zuga wuta na barci. Iska ba ta son wahala, inda ya fi sauƙi take bi. Fankar da ba ta da gida ba za ta wahalar da kanta tana jawo iska ta matsattsiyar saƙa ba alhali ga fili a gefe. Sai ta riƙa zuƙar iska mai zafi ta cikin ɗakin inji tana juya ta wuri ɗaya, kai kana jin ƙara kana zaton aiki ake yi.

Ɗauki alƙalami. Saƙa mai faɗin santimita 60 da tsayin 50, filinta murabba'in santimita 3,000 ne. Fanka mai faɗin santimita 40, in ka manna ta a jikin saƙar babu gida, abin da ta rufe bai kai 1,260 ba, wato kashi 42 cikin 100. Fiye da rabin lagireton zaman banza yake duk lokacin da mota ke tsaye. Ko da faɗin saƙar da tsayinta ɗaya ne, ka samo fankar da ta taɓa gefe da gefe, ba za ta wuce kashi 79 ba, kusurwoyi huɗu na nan a waje. Gida ne ke shigo da su cikin aiki. Shi ya sa matsakaiciyar fanka mai gida ta fi babba tsirara.

In na asali ya ɓata, maƙerin kwano ko mai walda zai yi maka. Kai masa lagireton kansa, kada ka kai masa awo da baki. Ya rufe saƙar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya bar zurfin santimita 2 zuwa 3 aƙalla tsakanin saƙa da bangon gidan, don iskar kusurwoyi ta samu hanyar gangarowa wurin fanka. In kwano ya lafe a jikin saƙa, toshewa ya yi, ba taimako ba. A liƙe gefuna da roba, tsohon tib ɗin taya ma ya wadatar, kada kwano ya goge saƙa, kada kuma iska ta sato hanya ta gefe. In fankar fambel ce, rabin fiffike ya shiga kafar, rabi ya tsaya a waje, a bar tazarar wajen santimita 2 tsakanin bakin fiffike da kwano, saboda inji na rawa a kan kujerunsa, lagireto kuwa ba ya bin rawarsa. In ta lantarki ce, a jikin gidan ake ɗaure ta, zobenta ya zauna daram a kafar ba ɓaraka. Sai a yanka ƙananan tagogi a inda fanka ba ta kai ba, a rataya musu labulen roba ta baya. Mota na tsaye, zuƙar fanka ta rufe su; tana gudu, iskar gaba ta ture su ta wuce.

Sai zaɓen fankar kanta. Abu uku za ka auna ka rubuta: faɗin saƙa, tsayinta, da tazarar da ke tsakaninta da hancin famfon ruwa. Na ukun ne ke ba mutane kunya, a sayo fanka mai kauri a zo ba ta shiga. In faɗin saƙa da tsayinta sun yi kusa, nemi ɗaya babba. In saƙar mai faɗi ce gajeruwa, biyu a jere sun fi, ga kuma ribar cewa in ɗaya ta mutu a daji ɗayar za ta lallaɓa da kai zuwa gari. Mai zuƙa daga baya ta fi mai turawa daga gaba, domin ta gaba da jikinta take tare iskar hanya. A bar mai turawa ga inda babu wuri, ko inda taimako kawai ake so. Kada kuma ka ce za ka mayar da mai turawa mai zuƙa ta hanyar musanya waya kawai. Za ta juya da baya, amma an lanƙwasa fukafukanta ne don gefe ɗaya, iskar da za ta ba ka kaɗan ce.

Lambar yawan iska da aka buga a kwali kada ta ruɗe ka. Galibi an auna ta ne fanka na rataye a fili, babu komai a gabanta. Sa ta bayan saƙa mai layi 3 ko 4 da ƙurar hunturu ta shiga, sai lambar ta zube. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne wutar da take ci da nauyin kanta a hannu. Siririyar fanka sakayau mai jan amfiya 6 ko 7 ba ta riƙe injin da ke ɗaukar kaya. Araha ba ta ado. Sau da yawa wadda aka ciro daga motar da aka yanka, ta Bosch ko Denso ko Valeo, haɗe da gidanta na asali, ta fi sabuwa marar suna. Nemi irinta wurin masu kayan gyara a Damagaram, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in hanya ta kai ka. A jona ta da batir a gabanka, ka ji iskarta da tafin hannu, ka saurari ko tana gurnani, sannan a cire waya ka girgiza fukafukan ka ji ko tsakiyarta na wasa.

Ka kuma san wutar motarka. Ƙananan motoci bolt 12 ne, yawancin manya 24, batir biyu a jere. Kada ka sayi fankar 12 ka ce za ka ja mata wuta daga batir ɗaya. Wancan zai riƙa ramewa, ɗan'uwansa na cika fiye da kima, ƙarshe ka rasa su duka. Altanetar tsofaffin akori-kura kuwa sau da yawa ba ta wuce amfiya 35 zuwa 55, kuma ba ta ba da wannan sai inji ya ɗau gudu. A tsaye, lokacin da fanka ta fi buƙatar wuta, lokacin ne altaneta ta fi rauni. Haɗa fitilun dare da fanka ka lissafa. In bai isa ba, sa kuɗin babbar altaneta cikin lissafinka tun farko, ko ka haƙura da fankar fambel ka gina mata gida mai kyau.

Aikin waya, kai shi wurin mai wayarin da ya san hannunsa. Waya mai kauri, murabba'in milimita 4 aƙalla, 6 in hanyar da nisa. Fis a kusa da batir. Rile a tsakani, domin makunni siriri ne, ba ya ɗaukar wannan wuta. In fanka biyu ne, kowace da fis ɗinta da rilenta. Lokacin tashi fanka kan fizgi ninkin abin da take ci ko fiye, saboda haka mai amfiya 20 takan so fis mai 30. In ya yanke, a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya. Wayar da ke komawa bodi, a kankare mata fenti da tsatsa a ɗaure ta tam. Ɗana, waya marar fis da gargada ta goge a jikin ƙarfe gobara ce, kai kuwa abin da ke bayanka harawa ce, ko jarkokin mai, ko bayin Allah.

Kada ka bari a cire tamostat da sunan wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Shi ke riƙe inji a zafin aikinsa, tsakanin digiri 80 da 90. Injin da ke yawo da sanyi da asubar hunturu mai yake sha, yana hayaƙi, yana cin kansa. A injuna da yawa kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba. In ka cire shi, wani ruwan sai ya riƙa kauce wa lagireton, ka ƙara zafin da kake gudu. Ya lalace, canja shi. Fanka kuma a sa mata makunnin da zafin ruwa ke tayarwa, wanda aka zaɓa sama da tamostat: in tamostat na buɗewa a 82, fanka ta tashi wajen 90 zuwa 92, ta tsaya in ruwa ya sauko da kamar digiri 5. Makunnin hannu ya zama na ko-ta-kwana kawai. Direba ɗan Adam ne, ran da hankalinsa ya tafi kan rami ko saniya a hanya, zai manta.

Wurin ɗaurewa, kada ka yarda a soka igiyoyin roba ta cikin saƙa a rataye fanka. A hanyoyinmu nauyinta zai riƙa cin bututu a hankali har ya huje. A yi mata ƙafafun ƙarfe a jikin firam ɗin lagireto. In an gama, kunna ta ka sa ƴar takarda a gaban saƙa, tsakiya da kusurwoyi huɗu. Ta manne ko'ina, aiki ya yi. Ta faɗi a wani wuri, akwai ɓaraka. Sannan ka yi lodi ka gwada motar da rana tsaka kusa da gida, idonka a kan allura mai aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Fabrairu ne lokacin wannan aiki, ba daren Laraba da raguna a bodi ba.

Abin da ya rage kulawa ce. Zuba ruwa mai tsabta, na sama da aka tace ya fi na tafki da mai kanwa, ka haɗa da maganin hana tsatsa. Bayan kaka da hunturu, busa saƙa daga baya zuwa gaba a hankali, ƙura da ƙaiƙayi su fita ta inda suka shigo. Ka ja kunnen yaron motarka: fankar lantarki ba ta sallama in za ta tashi, wata ma ko an kashe inji, don haka a cire kan batir kafin a sa hannu. Kada ya buɗe marfi mota na tafasa, kada ya kwara ruwan sanyi a injin da ya gasu, kan inji tsagewa yake.

Kai kuma bakanike, na san ribar sayar da fanka da ɗaura ta ta fi ta wanke lagireto da canja marfi. Nan ne ake gane mutum. Mai mota ya miƙa maka makulli ne don ka san abin da bai sani ba, kuma abin da ke ciyar da gidansa ya damƙa maka. In marfi ne ciwon, ce masa marfi ne. In gidan fanka ne ya ɓata, tura shi wurin maƙeri ko da ba za ka ci komai a ciki ba. In motarsa ba ta fankar lantarki ba ce, gaya masa, ko da zai yi fushi ya tafi wani gareji. Yaran da ke ƙarƙashinka kuma kada ka tsaya ga nuna musu inda ake ɗaure noti, gaya musu dalili, su iya auna saƙa, su iya lissafa amfiya, su iya karanta allura. Motocin nan za su ci gaba da shiga ƙauyukanmu ne muddin akwai masu fahimtar su. Allah ya ba ka halal mai albarka, ya tsare ka da fasinjojinka a hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.